Kwamfutocin Ajingi Masu Jin Kunyata

Ban taɓa mantawa da ranar da wata dattijuwa a Ajingi ta dube ni ta ce kwamfutoci kunyata suke ji ba. Ku da kuka fara aiki da mu bana kun sha jin ana tsokanata da wannan magana a ofis, wasunku har sun tambaye ni mafarinta. To ga shi na zauna na rubuta muku, kafin masu tsokanar su ƙara masa gishiri.

A lokacin ban daɗe da kama aiki a cibiyarmu ta koyar da kwamfuta da ke Gaya ba. Matsayina a takarda mataimakiyar jami'in fasaha ne. Amma jami'in ya tafi ƙaro karatu, don haka ni ce jami'in, ni ce mataimakiyar, ni ce kuma mai hure fankokin na'ura idan sun toshe. Aikina shi ne duk kwamfutar da ta shigo cibiyar in buɗe ta in duba, in ɗora mata manhaja, in tabbatar tana tashi lafiya, sannan in sa hannu a kai ta aji. Shugabanmu kuwa Malam Garba ne, wanda muke kira Darakta. Mutum ne mai kirki, amma mai son doka. Ba a cin gyaɗa a aji, ba a shiga da ruwan leda, kuma ba a soka waya a jikin kwamfuta don caji. Wannan ta ƙarshen ya fi tsananta ta. Yakan ce, "Kwamfuta ba soket ba ce."

A farkon daminar shekarar, wani ɗan garin nan da ke aiki a kudu ya samo mana kyautar kwamfutoci shida daga wurin aikinsu, inda ake zanen gine-gine. Ba irin waɗanda muka saba gani ba ne. Baƙaƙe ne, manya, ɗaya sai mutum biyu sun kama. Ranar da na buɗe ta farko na daɗe ina kallon cikinta. Komai a jere yake, tsaf, kamar garin da aka zana titunansa kafin mutane su tare. Sai dai kamfanin da ya ƙera su irin kamfanonin nan ne masu son komai ya zama nasu. Kusoshinsu daban, igiyoyinsu daban, tsarin aikin da ke kai ma nasu ne, kuma izinin amfani da shi ya ƙare. Kana kunnawa za ta gaishe ka, ta nemi lambar izini, ta tsaya. Don haka aka ce in sauke wannan tsarin in ɗora Linux, wanda kowa ke iya amfani da shi ba sai da izinin wani ba.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba aikinsu ba ne. Idan ka danna maɓallin kunna kwamfuta, ba a take take farkawa ba. Akwai wani ɗan shiri da masu ƙira suka dasa a cikinta, shi yake fara buɗe ido. Shi zai tashi wani, wannan kuma ya tashi abin da muke kira kanel. Kanel shi ne zuciyar tsarin. Shi yake bin gaɓoɓin na'ura ɗaya bayan ɗaya yana tashinsu, sannan ya nufi faifan ajiya, inda sauran tsarin yake kwance. Idan ya je bai same shi ba, ba ya da dabara ta biyu. Sai ya zubo rubutu fari a kan baƙin allo, ya tsaya cik. A wurin aiki mukan ce kanel ya firgita. Ni kullum yana tuna mini da jaririn da ya farka ya laluba gefensa bai ji uwarsa ba.

Waɗannan kwamfutoci sun ƙi karɓar Linux ta hanyar da aka saba. Ɗan shirin masu ƙirar bai san kowa ba sai tsarin gidansu. Na yi ta lallaɓa su har na samu wata ɓarauniyar hanya, amma sai da na rubuta wa kanel kwatance da hannuna. Na ce masa idan ya tashi ya nufi faifai na farko, a nan kayansa suke. Faifai ɗaya ne tak a cikin kowace, to ina abin ɓata? Na kunna na kashe, na kunna na kashe, duk suna tashi lafiya. Na sa hannu.

Ajingi aka kai su. A can cibiyar ta buɗe sabon aji na mata zalla a wani ɗaki da aka kama haya. Malamar ajin Anti Dije ce, mace mai fara'a wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ita ta yi ta zarya wurin Darakta har ya yarda a buɗe. Ɗalibanta matan aure ne, da masu ɗinki, da 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune a gida. Yawancinsu ba za su iya zuwa Gaya kullum ba, ko don hidimar gida ko don gona. Darakta ya ce gwaji ne. Idan abin ya tafi daidai a ci gaba, idan kuwa ya zama wahala a kwaso kayan a rufe.

Ba a yi nisa ba Anti Dije ta kira ni.

"Injiniya, kayanki fa sun ƙi tashi. Sai rubutu suke zubowa kamar ana musu shifta."

"Duka, Anti?"

"Yau uku. Jiya biyu. Shekaranjiya kuwa lafiya lau."

Na ɗauki jakar sukudirebobina na hau mota. Ina son hanyar Ajingi da damina. Gero ya kai gwiwa, ƙasa ta yi duhu da laima, gajimare na tafe a hankali kamar shanun da suka ƙoshi. Ina kallon waje har na manta abin da ya fito da ni, sai da yaron mota ya buga ƙofa.

Anti Dije ta tare ni tun daga bakin ƙofa. Ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi Mama, ta tambayi ƙannena da sunayensu, ta tambayi yadda ruwa ya yi a Gaya, ta aika a kawo mini ruwa in sha a nan tsaye. Na ce a raina, mutanen Ajingi akwai karamci. Daga ciki ina jin motsi da ƙus-ƙus, na ɗauka kujeru ake gyarawa. Da na shiga, matan suna zaune a natse, hannaye a kan cinya. Na kashe kwamfutocin da suka firgita, na sake kunnawa. Duk suka tashi, sumul.

Anti Dije ta riƙe haɓa. "Wallahi ɗazu ba haka suke ba."

"Na yarda, Anti."

Na yarda ɗin, amma ban san me zan gyara ba. Cutar da ke ɓuya idan likita ya zo ita ce mafi wahala a aikinmu. Na duba zafi, babu. Na cire ƙwaƙwalwar kowace na goge na mayar. Na gwada wutar janareta, na sa aka kawo na'urar daidaita wuta daga Gaya. Na koma gida da murna. Kwana kaɗan aka sake kira.

A zuwa na biyu ma haka aka yi. Doguwar gaisuwa a ƙofa, ruwa mai sanyi, sannan kwamfutoci masu ladabi. Na roƙi Anti Dije in abin ya sake faruwa ta ɗauko mini hoton allon. Ta ɗauko, amma hasken taga ya cinye saman rubutun, layin ƙarshe kaɗai ake karantawa. Abin da yake cewa shi ne kanel ya je inda aka aike shi bai samu kayansa ba. Sai na zargi faifan. Na sauya igiyarsa, na gwada lafiyarsa, ƙalau yake. Kayan suna nan inda na ajiye su. To me ya hana shi ganinsu?

A zuwa na uku ne Inna Hansai ta yi maganar. Ita ce babbar ɗalibar ajin, tana sayar da ƙuli-ƙuli, kuma ta ce ta shigo ne don jikokinta sun daina yi mata bayani idan ta tambaye su abu a waya. Ina danna maɓalli, kwamfutarta ta tashi, sai ta tafa hannu.

"Ni dai na gano. 'Yar nan, kunyarki suke ji. Mu sun raina mu, ke kuwa kina shigowa sai su gyara zama kamar an ga suruka."

Ajin ya fashe da dariya.

"To Inna, ya za a yi?"

"Ki bar mana mayafinki mu rataye a ƙusa. In sun ga shi sa ɗauka kina nan."

Na yi dariya tare da su, amma a mota dariyar ta ɗauke, domin da safen nan Darakta ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "Malama Zulaihatu, muna ƙona man janareta, muna biyan haya, mata na zuwa suna kallon baƙin allo. Idan wata ya ƙare ba su daidaita ba, a kwaso su. Ajin Ajingi sai wani jiƙon." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini haƙuri." Ya ce haƙurin kenan ya ba ni, zuwa ƙarshen wata.

Na zauna na yi tunani. Duk zuwan da nake yi, bayan abin ya faru nake isa. Ban taɓa ganin lokacin da ake kunna su da safe ba. Sai na yanke shawarar in je da wuri, ba tare da na gaya wa kowa ba.

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta. Ban samu mota ba, na hau babur. Muna tsakiyar hanya hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwantar da dawa gefe guda. Kafin mu shiga gari na jiƙe sharkaf. Mai gadi ya buɗe mini ajin ya koma rumfarsa. Wata sabuwar ɗaliba da ba ta san ni ba ta same ni ina karkarwa, ta ce, "Ayya, baiwar Allah, ke ma yau kika fara?" Nan take ta ciro wani zurmemen hijabi daga jakarta ta zura mini. Gilashin idona ya yi hazo, na cire na sa a jaka. Na lafe a kujerar ƙarshe ina jin ƙarar ruwa a kan kwano, har barci ya fara fizgata.

Ruwa ya tsagaita, mata suka fara shigowa bibbiyu, suna kakkaɓe lema suna gaisawa. Ba wadda ta kalle ni sau biyu. Anti Dije ba ta iso ba, ruwa ya tare ta. Can sai mai gadi ya ja janareta, ya yi tari, ya kama.

Ban taɓa ganin sauri irin na wannan lokacin ba. Jakunkuna suka buɗe, igiyoyin caja suka fito daga ko'ina, daga cikin hijabi, daga ƙullin zane, daga ledar kayan miya. Inna Hansai ita kaɗai ta ciro wayoyi uku.

"Wannan tawa, wannan ta Malam, wannan kuma ta maƙwabciyata mai jego. Ke Sa'a, matsa mini, ramin nan nawa ne tun ranar farko."

"Inna, ke kaɗai ramuka uku?"

"In kin kai shekaruna a ba ki huɗu."

Sai da kowace ta soka wayarta a jikin kwamfuta, gaba da baya, sannan aka yi bismillah aka danna maɓallan. Na mayar da gilashina. Kwamfutoci biyu suka zubo rubutu suka tsaya, har da ta Inna. Sauran suka tashi lafiya, alhali su ma da wayoyi a jikinsu.

Na taso a hankali na tsaya bayan Inna. Yanzu ina ganin rubutun tun daga sama. Kafin kanel ya firgita yakan lissafo faifan da ya gani, kuma ga shi nan, a matsayi na farko akwai wani ɗan mitsitsin baƙon faifai, namu kuwa an tura shi baya. Na dubi wayoyin. Waɗanda ke jikin kwamfutocin da suka tashi duk manyan wayoyi ne na shafawa. Na jikin waɗanda suka firgita kuwa ƙananan nan ne masu madannai, irin masu memori cike da wa'azi da waƙoƙin biki. Ita irin wannan wayar, da ka soka ta, sai ta gabatar da kanta a matsayin faifan ajiya. Faifan waɗannan manyan kwamfutoci kuma nauyin barci gare shi, yana ɗaukar lokaci kafin ya amsa. Kafin ya miƙe, wayar Inna ta riga ta shige gaba. Ni kuma na ce wa kanel ya nufi faifai na farko. Yaro ne aka aika gida na farko a layi, ya je ya tarar an yi sabon gini a gabansa. Ya shiga wayar Inna yana neman kayansa, ya tarar da wa'azi.

Daɗi ya kama ni har na manta a ɓoye nake. Na ce, "Alhamdu lillahi!"

Inna ta waigo. Ta dubi hijabin, ta dubi gilashin.

"La'ilaha illallahu! Injiniya ce! Ku cire, ku cire!"

Nan take aji ya hargitse, kowa na fizgar igiya. Sa'a ta tura tata cikin hijabi da cajar a jiki. Wadda ta ara mini hijabi ta rufe baki da hannu biyu.

"Inna, don Allah ki bar su. Ku mayar, duk ku mayar."

"Mu mayar ki kai mu gaba?"

"Ba inda zan kai ku. Wayarki nake nema tun watan jiya."

Ana cikin haka Anti Dije ta shigo da lema a hannu. Ta ga ni, ta ga igiyoyi, ta tsaya. Na ja ta gefe.

"Anti, ashe gaisuwar nan ta bakin ƙofa..."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "To ya zan yi, ƙanwata? Na san dokar Darakta. Amma unguwanninsu sai a daɗe ba a ga wuta ba. Mace ta baro gida ta zo, ga inji na ruri, in ce kada ta sa waya? Inna kuwa a haife ta haife ni. Da wane bakin zan hana ta? Kuma wa ya taɓa zaton caji zai hana kwamfuta tashi?"

"Da na sani ai da tuni an wuce wurin."

"Ba ki tambaya ba. Mu kuma muna jin nauyinki, kin zo daga hedikwata."

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Kowane faifai yana da doguwar lambar shaida tasa shi kaɗai, wadda ba ta sauyawa ko wa ya riga shi tashi. Na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na goge kwatancen faifai na farko, na rubuta wa kanel lambar faifansa, na kuma ce masa ya jira shi ko da ya makara. Sannan na juyo na ce, "To, kowa ta soka wayarta. Inna, har da ta mai jego."

Suka dubi Anti Dije, ta gyaɗa kai. Aka soka. Aka danna. Allon farko ya haska, na biyu ya bi, har na shida. Sa'a ta rangaɗa guɗa. Inna ta leƙa allonta, ta leƙa wayarta ta ga tana caji, ta ce, "Yau an yi sulhu."

Saura Darakta. A hanyar dawowa na yi ta saƙa da warwara. Ina iya cewa na gyara kawai in yi shiru. Amma a aikinmu, idan ka ɓoye dalilin matsala, wanda zai gaje ka ne zai sake faɗawa ramin. Washegari na shiga ofishinsa na faɗa masa komai, na kuma ce masa an shawo kan abin, ko da waya ko babu za su tashi.

Ya juya biro a hannu. "Wato duk wannan zaryar, caji ne."

"Caji ne, ranka ya daɗe."

"To matan nan, karatu ke kawo su ko wuta?"

"Duka biyun. Amma Inna Hansai ta iya rubuta sunanta da na jikokinta, kuma ta gaya mini ba za ta daina zuwa ba sai ta iya buga takardar gayyatar biki."

Ya yi ƙoƙarin ɓoye dariya, ta ƙi ɓoyuwa. Ya ce, "Doka tana nan, ba a caji a jikin kwamfuta. A sayo soket mai baki da yawa a kafa musu a bango. Biyu. Waccan mai wayoyi uku a ba ta nata ita kaɗai." Ajin Ajingi bai rufe ba. Wasu daga cikin matan da suka fara a ɗakin nan su ne yanzu suke buga wa makarantun unguwarsu takardun jarrabawa.

Abin da nake so ku ɗauka, ku sababbi, shi ne wannan. Mu masu gyara muna gwada na'ura a ɗaki mai tsit, a kan tebur mai tsabta, mu sa hannu mu ce lafiyarta ƙalau. Amma ba a nan za ta rayu ba. Za ta rayu ne a cikin mutane, da buƙatunsu, da abin da suke yi idan ba ma nan. Kuma mutanenmu masu kara ne. Ba za su yi maka ƙarya don mugunta ba, sai dai su gyara maka wuri kafin ka shigo, su kawar da duk abin da suke jin zai ɓata maka rai, wani lokacin har da abin da ka zo nema. Saboda haka idan an kira ku gyara, kada ku isa kamar masu bincike. Ku je da wuri, ku zauna a kujerar baya, ku bari a kunna a gabanku yadda ake kunnawa kullum. Idan kuka ga abin da ya saɓa doka, ku fara tambayar me ya sa, kafin ku tambayi wa ya yi.